Sauka ta gagare ni, ina kuskurena yake?

Jama'a, sallama. Wata biyu ke nan ina tuƙa Boeing 737 a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, amma sauka ta gagare ni. Har tsayin ƙafa 50 komai lafiya lau: gangara digiri 3, fitilun gefen titin sauka biyu fari biyu ja, alamar ban yi sama ko ƙasa da yawa ba. Daga nan ne abin ke dagulewa. In na ɗaga hanci da wuri, jirgin ya yi ta shawagi har ya cinye rabin titi. In na jinkirta kuwa, ya daki ƙasa tim, ya yi tsalle, abin kunya.

Shin yaushe kuke janye wutar inji, kafin ɗaga hancin ko tare? Ko sandar tuƙina ce ta cika saurin amsawa? Don Allah a taimaka.