Muhawara kan zargin duka da zagin asali a wani gida a Indiya

Ɗalibi a Pune: Jama'a, raina a ɓace yake. Ɗan mutumin da nake haya a gidansa ya auri 'yar Dalit, wato waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasa. Da auren ya yi tsami, sai ta kai ƙara wurin 'yan sanda cewa uwar mijinta da ƙanensa sun mare ta, sun kuma zage ta da sunan asalinta. An shigar da ƙarar a ƙarƙashin dokar 1989 mai kare 'yan Dalit, wadda sashenta na 18 ya hana neman beli kafin kamu, shi ya sa yanzu tsohuwar nan mai ciwon gwiwa take ɓoye a gidan 'yan uwanta. Wannan ƙage ne, kuma dokar ta zama makamin rikicin gida.

Hajiya Babba: Ɗana, kana cikin ɗakin lokacin da abin ya faru? Kalmar ƙage tana da nauyi, domin da ita ka yanke wa yarinyar hukunci tun alƙali bai saurare ta ba.

Ɗalibi a Pune: Hajiya, ban ce ina ɗakin ba, amma na san halin mutanen nan.

Malamin Makaranta: Ka san halinsu da baƙon da yake biyan su kuɗin haya, ba da surukar da suka karɓa ba da son ransu ba. A ƙauyen Khairlanji na Maharashtra, jihar da kake zaune, an kashe mace da 'ya'yanta uku 'yan Dalit a 2006, amma kotun farko ta ce babu batun asali a ciki. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin cewa ƙage ba.

Lauya: Malam, kowa da abin da ya riƙe. A Maris 2018 Kotun Ƙolin Indiya da kanta ta ce ana amfani da dokar ba bisa ƙa'ida ba, ta sassauta kamu, sai zanga-zanga ta ɓarke a 2 ga Afrilu har aka rasa rayuka, majalisa ta mayar da tsananin a shekarar. A 2020 kuma, a wata shari'ar fili daga jihar Uttarakhand, kotun ta ce zagin da aka yi cikin gida ba a idon jama'a ba bai shiga sashen dokar da ke hukunta zagin asali ba. Sai dai faɗuwar ƙara saboda rashin shaida daban, ƙage daban.

Malamin Makaranta: To ai ka ga, Barista ma bai yarda da kalmarka ba. Gishirin gidan ne yake magana a bakinka.

Ɗalibi a Pune: Malam, ina ganin girmanka, amma da kuɗin mahaifina nake ci, ba a ciyar da ni sadaka. Ka janye wannan magana.

Hajiya Babba: Kai ne za ka fara janye taka, domin malaminka ya haife ka, kuma ba a ce wa babba ya janye magana a gaban mutane.

Malamin Makaranta: Ba zan janye ba, Hajiya, sai ya goge ƙage daga rubutunsa.

Mai Kula da Zaure: Zan rufe a nan. Abin da na fahimta shi ne ɗan uwanmu ya zo da damuwa ta gaskiya game da tsohuwar da aka raba da ɗakinta, Barista kuma ya tabbatar cewa kotun ƙasar ta ga ana wuce gona da iri da dokar. Malam ya kawo Khairlanji, wanda kisa ne, ba rikicin suruka ba, sannan ya taɓa mutuncin ɗalibin ba tare da hujja ba, don haka shi ne ya kamata ya ba da haƙuri.