Muhawara: ya dace da aka bar mai Peak ya sayi Nunu?

Mai shago a kasuwar Singa ta Kano: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakata: kuskure ne da aka bar FrieslandCampina WAMCO, mai Peak da Three Crowns, ya sayi Nutricima, mai madarar Nunu da Coast da Olympic, daga hannun PZ Cussons a 2020. Nunu da Coast da Olympic duk sun koma gida ɗaya da Peak. A da in wannan ya ƙara kuɗi sai ka juya wurin wancan. Yanzu sunaye biyar ne a kan kanta, mai su ɗaya.

Lauya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ai ba da ka aka yi cinikin ba. Dokar gasa ta 2018 ta ɗora wa FCCPC, hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, duba irin wannan haɗewa, kuma sai da hukumomi suka amince aka kammala. Abin da doka ke tambaya shi ne ko gasa za ta ragu sosai. To ga Promasidor da Cowbell da Loya, ga Arla da Dano, ga Nestlé da Nido, ga Chi da Hollandia. Ina rashin gasa a nan?

Mai shago a Singa: Barista, ka haɗa madarar gari da ta ruwa wuri guda. Wanda ya saba da ta gwangwani a shayinsa ba zai karɓi Nido a madadinta ba. A ta gwangwani kuwa Peak da Three Crowns dama su ne a gaba, su Coast da Nunu ne ke ɗan taka musu birki.

Lauya: Nan kam ka taɓo inda gardamar take, wato wace kasuwa za a auna. Ko a Holan, da Friesland Foods da Campina za su haɗe su zama FrieslandCampina a 2008, Hukumar Tarayyar Turai rarrabe kayan ta yi, madara daban, cuku daban. Ta amince, amma sai da suka sayar da masana'antarsu ta Nijkerk, wadda Arla ta saya, suka kuma yarda su bar wa abokan gasa ɗanyar madara har kilo biliyan 1.2 a shekara.

Malamar tattalin arziki: Ku yi mini uzuri, ni a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki. Yawancin madarar da ake sarrafawa a Najeriya garinta daga waje yake zuwa, da dala ake saye. A Fabrairun 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni 6 kacal. Wannan ya fi sayen Nutricima rufe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofa. Tsadar da ta biyo bayan faɗuwar naira a 2023 kuma ba ta bar kowane kamfani ba, har waɗanda ba su sayi kowa ba.

Mai shago a Singa: Gaskiya ne, Malama, dala ta yi nata. Amma ai lokacin tsada aka fi bukatar wanda zai sassauta don ya ja ciniki.

Ɗan makiyayi daga Ladduga: Duk maganar mai saye kuke yi, babu wanda ya tuna da mai tatsa. Iyayenmu mata na yawo da ƙwarya a rana, da damina nono ya yi yawa har ya lalace don babu wurin sanyaya shi. WAMCO na da wuraren karɓar nono a jihar Oyo, Arla ta buɗe gona a Damau ta jihar Kaduna, kamfanin L&Z na karɓa a Kano. Muna son a samu masu saye da yawa, domin in mai saye ɗaya ne a yanki, abin da ya yanka shi ne farashi. Barista, tunda a Holan an gindaya sharaɗi a kan ɗanyar madara, dokarmu ta yarda a ce wa kamfani sai ya karɓi nonon gida kafin a bar shi ya sayi wani?

Lauya: Ta yarda a amince bisa sharaɗi, kuma ta ce a duba maslahar jama'a, har da halin da ƙananan masu sana'a za su shiga. Sai dai hukuma da hujjar da aka kai gabanta take aiki. In wani cinikin ya taso, ƙungiyoyin makiyaya su rubuta mata tun ana kan dubawa, da adadin litar da suke tatsa da kuɗin da ake biyansu.