Wa ke magana da yawunmu a cikin birni, kansila ko mai unguwa?

Tela Ɗan Lungu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, haifaffen cikin badalar Kano, har yau kuma a gidan da kakanmu ya gina nake zaune da iyalina. Ba zan faɗi sunan unguwarmu ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, mafita nake nema.

Lungunmu adaidaita sahu ba ta shiga. In za a fito da gawa sai an karkata makara kafin a sha kwana. Kwata ce ta ratsa tsakiyarsa, kuma da can ruwanta a wani kududdufi yake zuba a bayan unguwa. An cike kududdufin an yi gini a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa. Yanzu da an yi mamako a watan Agusta sai ya dawo da baya ya shiga soraye. Yawancin gidajenmu na ƙasa ne, gindin katanga duk ya zaizaye, in ka taɓa da hannu sai ƙasa ta biyo ka. Bara katangar wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta faɗi da asuba. Allah ya taƙaita, ta fita alwala, jikokinta kuma suna ɗaya ɗakin.

Ba zaune muke ba. Muna aikin gayya kafin damina, mu yashe kwata da shebur, mu kwashi dagwalo a baro mu tara a bakin titi. In ba a zo an kwashe ba, ruwan farko ne zai maido mana da shi. Abin da ake buƙata kwalbati ne babba a bakin titin, wannan kuwa ya fi ƙarfin karo-karonmu.

Mai unguwarmu ya san kowane gida. Ya san wanda ya yi baƙo, ya san gidan da ake rigimar gado, shi ke sa hannu in an sayar da gida. Ya zo ya ga ɓarnar da idonsa, ya kai maganar sama, amma ba shi da ko sisi na aiki. Kansila kuma, wanda muka dangwala wa ƙuri'a, gidansa yana can ɗaya ƙarshen mazaɓar, mutanen lungunmu da yawa ba za su gane shi a hanya ba. Da muka same shi ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ma ba a ba shi kuɗin aiki. A sakateriya aka ce mu rubuto, muka rubuta, shiru.

To don Allah masu sani, a doka aikin wa ne wannan? Mene ne amfanin kansila in ba zai iya sa a gina kwalbati ɗaya ba? Kuma hukuncin da aka ce kotu ta yi na 'yancin ƙananan hukumomi, ina ya kwana?

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa wannan baiwar Allah da alheri. A ƙaramar hukuma na yi aiki har na ajiye, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina ƙananan tituna da magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Kwatar lungunku tana cikin wannan, kada wani ya ce maka ba hurumin ƙaramar hukuma ba ce. Sai dai a cikin birnin Kano jiha ta shigo cikin yawancin waɗannan ayyuka da hukumominta, shara tana da hukumarta, tsara gine-gine yana da tasa. Shi ya sa talaka yake rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kansila ba ɗan kwangila ba ne, ɗan majalisa ne. Aikinsa ya zauna da 'yan uwansa su amince da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, su yi ƙananan dokoki, su sa wa ciyaman ido. Inda zai amfane ku shi ne lokacin haɗa kasafi, wato ƙarshen shekara. In kwalbatinku bai shiga takardar nan ba, ko kun yi shekara kuna sintiri a sakateriya ba wanda zai fitar da kuɗinsa. Ku kun je da damina, ruwa na cin ku, lokacin kuwa an riga an rufe littafi.

Batun kotu kuma, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7. Hukunci ne mai kyau, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma sashe na 162 da ya kafa asusun haɗin gwiwa da jiha yana nan a kundin ba a goge shi ba. Don haka da kansilanku ya ce ba shi da kuɗi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Wani abu da za ka bincika: cikin badala ba a ƙaramar hukuma ɗaya yake ba, an raba shi tsakanin Birni da Kewaye, Dala da Gwale. Ka tabbatar bakin titin da kuke son kwalbatin a mazaɓarku yake. Na sha ganin takarda ta mutu saboda kwata ta taso a wata mazaɓa ta ƙare a wata.

Maman Islamiyya:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Ina da tambaya: in kun yi zama a zauren mai unguwa kan wannan magana, mace nawa aka kira? Mu ne a gida in ruwan ya shigo. Mu ke ɗaga katifa da buhun masara, mu ke kwana da yaro mai zazzaɓi saboda sauron kwatar nan. Ita dattijuwar da katangarta ta faɗi, an tambaye ta me take so a rubuta?

A unguwarmu akwai kwamitin raya mazaɓa da ke haɗe da asibitin sha-ka-tafi, ana zama duk wata, da mata a ciki, mai unguwa yana zuwa. Nan muka kai kukan shara, muka haɗa shi da yawan masu amai da gudawa da ma'aikatan asibitin da kansu suka shaida. Da magana ta zama ta lafiya sai aka fi saurarenmu. Ku tambaya ko naku kwamitin yana zama. Kuma ku sa 'yan haya a cikin masu sa hannu, su ma ruwan bai ƙyale su ba.

Matashin Kurmi:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fito, amma ni ban ga dalilin ɓata lokaci a kan kansila ba. A zaɓen 2021 jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin, APC, ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya. Ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP ce ke mulki, ita ma ta cinye duka. Wanda ya hau kujera a haka ya san wanda ya ba shi takara, can zai riƙa kallo, ba lungunku ba. Yaya Tela, ku ɗauki bidiyon ruwan yana shiga gidaje, ku kai gidan rediyo, ku nemi ɗan majalisar jiha mai aikin mazaɓa. A Kano abin da aka faɗa a rediyo da daddare shi ake tashi da shi da safe.

Tela Ɗan Lungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baba, na je na duba. Bakin titin a mazaɓarmu yake, amma inda ruwan zai wuce bayan kwalbatin na maƙwabta ne, don haka dole mu haɗa kai da mai unguwarsu da kansilansu. Za mu rubuta sabuwar takarda da hotuna da sa hannun magidanta, mu kai kafin a fara haɗa kasafi, mu karɓi kwafi mai hatimi.

Maman Islamiyya, maganarki ta shiga. Matata da malamar makarantar dare za su zagaya gidaje su ji ta bakin mata, dattijuwar kuma sunanta ne zai zo farko in ta yarda.

Ƙanina Matashi, rediyo za mu je in an yi mana shiru, wannan ba na musu. Amma ban yarda mu tsallake kansila ba. Ɗan majalisar jiha yana da mazaɓu goma sha wani abu a wuyansa, wa zai tuna masa da lungun da ko mota ba ta shiga? Kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da mu, albashi yake karɓa da sunanmu, kuma in muka saba tsallake shi mu ne muka sauke masa nauyin da kanmu. Mun roƙi mai unguwa ya gayyace shi zama a ƙofar masallacinmu bayan la'asar ranar Asabar, ba a gidansa ba, ya shigo lungun da ƙafarsa. Za mu nemi ya faɗa a gaban jama'a ranar da zai gabatar da maganar a zauren majalisarsu, mu kuma mu aika mutum biyu su zauna su ji.

Baba, tambaya ɗaya ta rage: talaka yana da damar shiga ya saurari zaman kansiloli, ko sai an nemi izini a rubuce?