Neman shawara: shadda ta rina mani 'yar tsana, hotuna ba sa fita, a gida kuma ana mani faɗa

Maman Hanan:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni tela ce a cikin garin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, a gida nake ɗinkin mata. Shekara 2 ke nan na je wurin 'yan gwanjo neman ma ɗiyata takalmin makaranta, sai na hangi wata 'yar tsana irin Barbie cikin buhun kayan wasa, ba riga, gashi ya cukurkuɗe, ga tabon biro a hannu. Don yarinya na saye ta. Da daddare na gama yankan wani anko, guntun atamfar da ya rage bai wuce tafin hannu biyu ba, na ce bari in gwada. Na yanka mata riga da siket irin na mai kayan, na ɗinka da allurar hannu, na ɗaura mata ɗankwali. Wallahi sai da na kai ƙarfe ɗayan dare ina juya ta ina kallo. Tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu ina da guda 14, kuma duk sabon ɗinkin da ya zo mani a rai, a jikinsu nake fara gwadawa kafin in sa almakashi a kayan mutane.

To ga damuwata. Wadda na fi so, mai gwiwa da gwiwar hannu masu lanƙwasa, na ɗinka mata bubu na rinanniyar shadda mai ruwan bula, na bar mata a jiki kusan sati 3 cikin zafin nan na bazara. Da na cire, wuyanta da kafaɗunta da haɓarta duk sun yi shuɗi. Na wanke da omo, na goga lemun tsami, ko gezau. Guda 5 kuma gashinsu ya dunƙule, taje ba ya shiga. Hoto kuwa, a ido kayan sun yi kyau, a waya sai rigar ta fito kamar buhu, kan 'yar tsanar ya yi ƙato.

Amma wanda ya fi yi mani ciwo: yayar maigidana ta zo ta gan su jere bisa kanta, ta ce uwar 'ya'ya 3 da wasan 'yar tsana, kuma na cika ɗaki da gumaka, mala'iku ba za su shiga ba. Maigidan bai hana ni ba, bai kuma ce komai ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ba na son saɓon Allah, ba na kuma son rabuwa da abin da ke sanyaya mani rai. Don Allah ku ba ni shawara.

Anti Rabi, Daura:
Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Ni ma ina ajiye su, shekarata ta 6 ke nan, bari in fara da tabon. Rinin ba a saman fata yake ba, ya shige cikin robar, shi ya sa sabulu ba zai yi komai ba. Kada ki kuskura ki sa ruwan goge jan farce. Yana ɗauke fentin ido da na baki nan take, jikin kuma da yake roba ce mai tauri, cinye shi yake yi ya bar wurin fari-fari. Na taɓa ɓata guda a haka.

Ki je kemis ki ce a ba ki man ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksaid, mai kashi 10 cikin 100 in akwai. Ki shafa da kauri a kan tabon kawai, ki naɗe wurin da farar leda marar kauri don kada ya bushe, ki rufe fuska da gashi da farin ƙyalle, ki ajiye ta a rana awa 2 zuwa 3. Ki wanke, gobe ki sake. Wani tabon kwana 3 ya tafi, wani sai an yi sati biyu. Na haɓar zai riga fita don robar kai ta fi laushi. In baƙa ce ko wankan tarwaɗa, ki fara gwadawa a ƙeya ƙarƙashin gashi, don yakan ɗan kashe launi. Kuma kada man ya taɓa kayanki, yana koɗar da tufafi.

Nan gaba duk ƙyalle mai duhu, baƙi ko ja ko bula, ki wanke shi har ruwan ya fito fari kafin ki yanka, ki yi masa shafi da farin yadi marar nauyi. Da kin gama hoto ki cire mata.

Gashin kuwa ba gashin mutum ba ne, zaren roba ne, don haka ba ruwansa da man kitso ko basilin, ƙura kawai za su tara miki, balle in hunturu ya kama. Ki wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, ki cika shi da kwandishina, ki raba gida-gida, ki riƙe tushen da yatsu ki fara tajewa daga jela kina hawa sama. Sai ki tafasa ruwa, ki sauke ya ɗan huce kaɗan, ki tsoma gashin kawai na ɗan lokaci, ki taje, ki bar shi ya bushe da kansa. Irin yadda masu kitson atach ke tsoma jela a ruwan zafi ne. Ki fara gwadawa da 'yan silalla, don masu araha wani gashin nasu murɗewa yake yi. Dutsen guga kuwa kada ya je kusa.

Zee:
Kai, ashe muna da yawa! Ni na ɗauka ni kaɗai ce nake ɓoye nawa cikin akwatin lefe. Maman Hanan don Allah turo mana ko da hoto ɗaya.

Hajiya Babba:
'Yata, ni shekaruna sun wuce 60, a Ƙofar Soro na tashi. Mu da karan dawa muka yi namu, wani lokacin da ƙashin ƙafar rago bayan Babbar Salla. Mu kitsa mata gashi da baƙin zare, mu bi teloli muna roƙon ƙyallaye, mu yi mata goyo, mu yi mata biki har da gara a murfin kwalba. A nan yarinya ke koyon zura allura da ɗaurin zani, ba wanda ya taɓa ce mana shirme ne. Ke da kika mai da shi makarantar sana'arki, ina abin kunya? Sai dai yayar mijinki babba ce, kada ki yi musu da ita. Ki ɗauke su daga idon baƙi. Zancen hukunci kuma na bar ma masu ilimi.

Malama Asiya:
Bismillah. Maganar yayar maigidanki tana da tushe, kada a raina ta. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura ingantacce ne. Haka kuma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) tare da ƙawayenta. A ruwayar Abu Dawud ma, iska ta ɗaga labule ya ga 'yan tsananta, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaya, ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawaki masu fukafukai, ya yi dariya. Daga nan malamai da yawa suka ware kayan wasan 'yan mata daga hanin.

Inda aka yi saɓani shi ne irin na yanzu na roba masu cikakkiyar kama, ido da hanci da baki, da kuma babba ta jera su a ɗaki don ado. Wasu malamai sun sassauta, wasu sun ce a nisanta ko a shafe fuskar. Ni ba zan yanke maki ba. Ki sa Baban Hanan ya kai maganar ga malamin da kuka amince da shi, ya faɗa mashi gaskiyar yadda abin yake: tela ce, tana gwada ɗinki a jikinsu tana nuna ma masu kaya. Kafin nan ki sauke su daga bisa kanta, ki sa su cikin akwati mai murfi, ki riƙa fito da su lokacin aiki. Na san wata ɗalibata da ta goge ma nata fuska gaba ɗaya, hankalinta ya kwanta, kuma kayan ne ma suka fi fitowa a hoto.

Maman Sadik:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Guda 14 sun yi yawa a wannan tsadar. Tela guda 2 ko 3 sun ishe ta gwaji. In sha'awa ce ki ce sha'awa ce, kada a fake da sana'a. Ki duba kuɗin da ke tafiya, kada wata rana ya zama abin gori a gidan miji.

Anti Rabi, Daura:
Maman Sadik, sha'awa ce mana, kuma ba laifi ba ne. Wata kwanuka take tarawa a kabad, wata turaren wuta. Amma 14 ɗin ma ba lallai jikinsu ɗaya ba. Tun 2016 kamfanin Mattel ya fara fitar da Barbie mai ƙiba da doguwa da gajera, ga masu gaɓoɓi 22 da ke iya zama su tanƙwashe ƙafa. Tela tana buƙatar ganin yadda ɗinki ɗaya ke zama a jiki daban-daban. Batun lura da kuɗi kam na yarda da ke.

Fa'iza mai ɗinki:
Yaya Maman Hanan, rigar da ke fitowa kamar buhu ba laifin waya ba ne kaɗai, daga yanka ne. Tsawon Barbie inci 11 da rabi ne, wato kashi 1 cikin 6 na mutum. Komai sai ya ragu sau 6: zanen atamfa, kaurin yadi, faɗin kalmasa, girman dutsen ado. Furen da ke zama daidai a ƙirjin mace, a jikinta zai rufe ta daga wuya har gwiwa. In kin shiga babbar kasuwa ki nemi atamfa mai ƙananan zane, ko ki yanko daga bakin zanin inda adon ya fi ƙanƙanta. Shadda kuma sai kin wanke sitacin tas, in ba haka ba tsayawa za ta yi ƙiƙam kamar kwali.

Yadda nake fitar da awo: in naɗe jikin da leda, in bi da salatif na takarda har ya rufe, in zana layin kafaɗa da na gefe da biro, in tsaga a hankali da ƙaramin almakashi, in shimfiɗa a takarda. In ƙara kwatan inci na ɗinki. Ki rage tazarar ɗinkin keke, ki sa takarda marar kauri ƙarƙashin ƙyallen don kada keken ya haɗiye shi, daga baya ki yage ta. Kalmasar wuya da ta hannu ki gama su tun rigar tana a shimfiɗe, ki jona hannu, sannan ki rufe gefe da ɗinki ɗaya daga bakin hannu har ƙasa. Baya a buɗe, da ƙananan maɓallan nan da ake dannawa su kama. Zif ya yi mata kauri.

Mayafi kuma, kafin ki ɗauka ki ɗan fesa mashi ruwa ki gyara da yatsa. Nauyin ruwan zai sa ya zubo bisa kafaɗa kamar na mutum.

Ummi:
Ni hoto ne sana'ata, na biki da na kamu. Kan yana yin ƙato ne don kina ɗauka daga sama kuma kin matso da waya sosai. Ki sauko da wayar daidai ƙirjinta, ko da za ki kwanta a ƙasa, ki ja baya, ki jawo hoton ninki 2. Ki goge idon kyamara da gefen ɗankwali, rabin dishi-dishin daga nan yake. Kashe filasha, yana sa fuskar roba ƙyalli. Ki aje ta kusa da taga ko bakin ƙofa da hantsi, hasken ya zo ta gefe, ɗaya gefen ki jingina farin kwali ya maido haske.

Abin da ke bayanta ma ya bi lissafin Fa'iza. Tabarma saƙarta ta yi girma, nan take za ta tona cewa 'yar tsana ce. Bangon ƙasa na cikin gari ya fi komai kyau, ko yashi mai laushi. Na taɓa ɗaukar wata bayan la'asar da Hasumiyar Gobarau can nesa a bayanta, na ɗora ta bisa bulo na durƙusa, sai ta fito kamar mace tsaye a unguwar. Yara sun taru a kaina kam, amma hoton ya biya.

Zee:
Kuma Yaya ki leƙa Instagram ki nemi shafin Hijarbie. Na Haneefah Adam ne, 'yar Ilori, ta riƙa ɗinka ma Barbie hijabi da abaya tana ɗauka, a 2016 manyan kafafen labarai na duniya suka yi ta ba da labarinta. A 2017 Mattel da kansu suka nuna Barbie mai hijabi ta farko, da kamannin Ibtihaj Muhammad, Ba'amurkiyar nan mai wasan takobi. A Legas ma Taofick Okoya ya fara yin 'yan tsana masu suna Queens of Africa tun 2007, baƙaƙe masu kayan gida, ta Hausawan sunanta Azeezah. Amma har yau ban ga wadda ta yi ɗaurin ɗankwalinmu na Katsina yadda ya kamata ba. Wannan gurbin naki ne.

Maman Hanan:
Allah Ya saka maku da alheri, Ya raya zuri'a. Wallahi ina karantawa ina hawaye. Malama, na sauke su tun jiya, suna cikin akwati, kuma na nuna ma Baban Hanan amsarki, ya ce ranar Juma'a zai tambayi limaminsu. Duk abin da aka ce zan bi, ko da goge fuskar ne. Hajiya Babba, na ji, ba zan tanka ma Yaya ba, na ma yanke shawarar in ɗinka ma autarta 'yar tsana ta ƙyalle marar fuska. Maman Sadik, maganarki ta shige ni, akwai guda 4 da jikinsu iri ɗaya ne, zan ba yaran maƙwabta.

Anti Rabi, na samu man a kemis amma mai kashi 5 ne kawai, zai yi? Kuma tabon ya ɗan taɓa gefen leɓenta na ƙasa.

Anti Rabi, Daura:
Zai yi, sai dai ya ɗauki kwanaki fiye da haka. Na gefen leɓen kada ki shafa da yatsa. Ki ɗebo da bakin tsinken sakace ki ɗiga a kan shuɗin kaɗai, ki bar ɗan tsakani da fentin. In kin wanke na rana ta uku ki ɗauko mana hoto kusa da taga yadda Ummi ta ce, mu ga ko ya fara ja baya.