Tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala da tsohuwa, ya ake yi?

Dan_Gyallesu: Salam 'yan uwa. In Allah ya kai mu Safar zan je tattakin Arba'in (tunawa da cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini) a Iraki ni da Hajiyarmu, ta dage sai ta taka da ƙafarta ga ciwon gwiwa. Kwana nawa ake yi a hanya, ina ake kwana, me za mu ɗauka? A taimaka don Allah.

Malam Abu Zahra: Wa alaikumus salam. Allah ya nufa. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, matasa na yin ta a kwana biyu zuwa uku amma da Hajiya ka ware huɗu ko biyar, ku bar Najaf da wuri don in 20 ga Safar, ranar Arba'in, ta matso shiga Karbala kanta wahala ne saboda cinkoso. Akwai turakun fitila a gefen titi masu lamba har 1452, tsakanin kowane mita 50, kenan turke 20 kilomita ɗaya. Da su ake lissafi. Ku yi alkawari tun farko, duk wanda ya ɓace a haɗu a turke kaza, don network a wurin ba abin dogaro ba ne ko ka sa layin Zain ko Asiacell.

Ummu Husaini: Ɗan uwa kar ka ɗauki abinci, wallahi nauyi ne kawai. Maukibobi ne, wato rumfunan masu yi wa matafiya hidima, jere a hanya, shinkafa, dabino, ruwan sanyi, shayi mai zaƙi cau, wurin kwana ɓangaren mata daban, har masu matsa ƙafa, duk kyauta. Ƙaramar jakar baya ta isa, kaya kala biyu, maganin Hajiya da takardar likita, man zafi, filasta, power bank, fasfo a jakar wuya. Takalmi kuma kar a sayo mata sabo a sa ranar tafiya, zai yi mata kanta da ƙuraje, ta fara yawo da shi tun yanzu kullum bayan asuba.

Malam Abu Zahra: Ƙwarai. Kuma 'yan shekarun nan Arba'in a tsakiyar zafin Iraki yake faɗowa, sai ku yi tafiya bayan asuba zuwa hantsi, ku kwanta da rana, bayan la'asar ku ci gaba har dare.

Dan_Gyallesu: Na gode ƙwarai. To in ta gaza a tsakiya fa?

Ummu Husaini: Ka tafi da keken guragu mai naɗewa, ta taka abin da za ta iya ka tura ta saura. Akwai motoci ma a ɗaya hannun titin suna ɗaukar mutane zuwa kusa da Karbala, in gwiwar ta kumbura kar ka bari ta matsa wa kanta.