In sabis ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, mi kuke yi?

Mai Shagon Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu shaguna, in sabis ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, mi kuke yi? Jiya da la'asar POS ta tsaya mini cik, ina ji ina gani mutane suka ajiye kaya suka shige shagon maƙwabci.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Na'ura biyu, kamfani daban-daban. Mai Moniepoint ya ƙara da OPay ko PalmPay, ko akasin haka. In kuma sim ɗin cikinta ne ya ƙi, ka kunna mata wifi daga wayarka ta hau wani layin.

Auta: Ni littafi da biro. Ba su taɓa cewa babu sabis ba.

Hajiya Mai Atamfa: Auta bar wasa, ka ji abin da ya faru da mu ana gobe ƙaramar Salla a Babbar Kasuwa. Wata baiwar Allah ta zaɓi lefen ɗiyarta, yarona ya sa katinta, rasit ya fito wai kuɗi ba su wuce ba. Ita kuma wayarta ta yi ƙara an cire. Yaron nan maimakon ya dakata sai ya sake sawa, aka sake cirewa, mu kuwa ko sisi bai shigo mana ba. Ta ce sai dai a ba ta kaya ko kuɗinta, ta kira mijinta, ya zo shina faɗa a gaban jama'a wai mun haɗa baki da banki. Wallahi na fi shekara ashirin a kasuwar nan ba a taɓa ce mini ɓarauniya ba sai ranar. Sai da dattawan layinmu suka shiga tsakani. Kuɗinta sun koma mata daga baya, amma har yau ba ta ƙara tako ƙafarta shagona ba, kuma ita ce mai kawo mini 'yan uwanta. Yanzu dokar shagona: kati ya ƙi sau ɗaya, ba a ƙara sa shi. A ɗauki hoton rasit nan take, don takardar nan zafi na goge rubutunta, a ba mai kati asalin, a rubuta lambar wayarshi a littafi, a ware mishi kayan gefe da sunanshi. In ya ga dama ya biya ta wata hanya, in bai yarda ba kayan na jiranshi.

Malam na Sabuwar Unguwa: Allah Ya kyauta Hajiya. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce cinikin POS da aka samu matsala a warware shi cikin awa 72. Ku riƙa faɗa wa mai kati haka tun kafin ranshi ya ɓaci, kuma bankinshi zai je da rasit, ba shagonku ba.

Baban Khalifa: Awa 72 a takarda dai Malam.

Malam na Sabuwar Unguwa: Na sani. Amma wanda ya san ƙa'ida ba a mishi hanya-hanya kamar wanda bai sani ba.

Ɗan Daura: Ku haddace lambobin da ba su buƙatar data. *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access, *966# na Zenith. Na rubuta su a kwali na liƙa jikin kanta, ko mai ƙaramar waya zai iya turowa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, wasu bankunan har wannan hanyar ta yi ta gardama, ranar kam tsabar kuɗi ce ta cece mu. Shi ya sa ba na kwashe aljihun tebur kaf in kai banki.

Auta: Ashe Daura ma akwai intanet?

Ɗan Daura: Yaro, je ka tambayi kakanka inda aka haifi kakanshi.

Maman Ikram: Ni abin da nake tsoro lokacin da sabis ke wasa shi ne alat na bogi. Mutum ya nuna maka waya wai ya turo, sabis ne ya riƙe. Kada ku saki kaya sai kun ga kuɗin a asusunku da idonku, saƙon tes ba hujja ba ne.

Ɗan Daura: Masu zuwa cin kasuwar Mai'adua kuma, wani lokaci waya na tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar. Ku shiga saiti ku zaɓi layinku da hannu.

Alhaji Mai Hatsi: Ku da sabis ke ɗauke muku na rabin awa kuna kuka. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, mutanenmu na Batsari da Jibiya sai sun yi tafiya kafin su kira mu su ji farashi. Watanni aka yi, kuma ciniki bai mutu ba, amana da littafin bashi suka riƙe shi.

Auta: Kun ji ko? Littafi.

Baban Khalifa: Alhaji wancan zamanin daban, yanzu wa zai ba baƙo buhun masara bisa amana?

Maman Ikram: Sai caji kuma. Rabin "babu sabis" ɗin da yaran shago ke faɗa, batir ne ya mutu. Fawa bank ɗaya a ajiye don na'ura kaɗai, kada kowa ya jona wayarshi.

Mai Ɗinki: Ƙaramar sola ta fi. Janaretan wani a layinmu ya hana mu jin kiran salla.

Baban Khalifa: In da ni kake, ka fito fili. Kai da ke zuwa cajin waya wurina kullum.

Mai Ɗinki: Ban ambaci suna ba Yaya.

Malam na Sabuwar Unguwa: Ku kai wannan can gefe don Allah.

Auta: Ɗan Daura, in za ka shigo Katsina gobe ka yi mini magana, akwai saƙon da za ka wuce da shi.