Malafar mai tonon tarihi a NetHack: wa ya riƙe, wa ya yar?

Mai_Diga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina buga NetHack 3.6.7, wasan kwamfuta na gangara hawa-hawa cikin kogon dodanni, kuma kusan kullum mai tonon kayan tarihi nake ɗauka, saboda digarsa da saurin ƙafarsa. Kun san kayan da yake shigowa da su: bulala +2, rigar fata, diga, ƙunshin abinci uku, jaka, dutsen gwada duwatsu masu daraja, kayan zuba nama a gwangwani, sai malafar nan da wasan ke kira fedora. Ita ce ta hana ni sakat. Ba ta rage lambar AC ko da ɗaya (lambar kariyar jiki ce, raguwarta ake so), kuɗinta 1, nauyinta 3. Duk lokacin da na gangara Ramukan Nom, reshen kogon da wadanni ke zaune, na kashe wada na farko, ga kwalkwalin ƙarfensa a ƙasa, mai ba da kariya 2. Hankali ya ce in canja. Amma sau biyu ina tsayawa ina kallon allo, na kasa yar da malafar, sai in cusa ta a jaka in wuce. Ina so in ji abin da ya taɓa faruwa da ku a wannan gaɓar, ba lissafi kawai ba. Wa malafar ta cuta, wa kuma ta yi wa rana?

Gwanin_Rami:
Wa alaikumussalam. Ni ta cuce ni, kuma har yau ina tuna wurin. Hawa na 3 ne, na fito daga faɗa da diloli biyu, raina saura 9. Na ce bari in leƙa wani ɗaki kafin in huta. Taki ɗaya na yi, sai rufi ya buɗe dutse ya sauko. Wasan ma sai da ya sanar da ni cewa malafata ba ta kare ni ba, sannan ya tambaye ni ko ina son a nuna mini kayana, wato na mutu ke nan. Tarkon dutse yana cire rai daga 2 zuwa 12. Da kwalkwalin ƙarfe ne a kaina, 2 kaɗai zai cire, komai girman dutsen. Abin da ya fi ci mini rai, na wuce wata hular ƙarfe ta dodannin ok a hawa na 2, na raina ta saboda nauyinta 30 ne, kariyarta 1. Ashe ba lambar AC ce kawai abin dubawa ba, ƙarfen da kansa shi ne maganin dutse. Tun daga ranar, ko tukunyar nan mai lanƙwasa na samu, ita nake kifawa a kai.

Uwar_Kyanwa:
Malam Gwani, Allah ya ba da haƙuri, mutuwar tarko tana da ciwo. Amma bari in ba ku nawa labarin, don ya sha bamban.

Ni wada nake zaɓa idan zan buga mai tonon tarihi. Ribar ita ce kusan duk mazauna Ramukan Nom suna zaman lafiya da ni. Asarar kuma ita ce kwalkwalin da kuke ɗauka a banza, ni sai dai in gan shi a kan mai shi yana wucewa. Ba zan taɓa shi ba, domin kashe mai zaman lafiya yana zubar da sa'a har 5, kuma wanda ya taɓa yawo da sa'a a ƙasa da sifili ya san wahalar. Sai in jira kyanwata ta yi aikin, ita kuma ba kullum take iyawa ba, wani lokaci wadan ne ke kashe ta. Haka na kai Garin Ma'adinai, garin da ke cikin Ramukan, da malafata a ka, na wuce shi.

Hawa biyu ƙasa da garin na hango harafin h yana tahowa (da haruffa wasan ke nuna dodanni). Na ɗauka wada ne. Sai da ya matso na lura launinsa ba ja ba ne, shunayya ne. Dodon nan ne mai tsotsar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira mind flayer. Harafinsu ɗaya da wadanni, shi ya sa yakan ɓullo a Ramukan jifa-jifa, a lokacin da mutum bai shirya masa ba. Yana da hannuwa uku da yake kai wa kai a kowane zagaye. Duk wanda ya samu sai basirarka ta ragu, ka manta taswirar da ka zaga da sunayen kayan da ka gano, idan basirar ta ƙare kuma ka mutu ko ranka cike yake.

Na tsaya a saman ramin da nake haƙawa da diga, ina danna maɓalli hannuna na rawa. Layi bayan layi wasan yana cewa hulata ta tare harin. Ya samu sau ɗaya tak kafin in faɗa hawa na ƙasa. Daga baya na bincika na gane dalili: duk abin da ke kanka, ƙarfe ko ƙyalle, yana tare wannan harin sau 7 cikin 8. Wasan bai bambanta fedora da kwalkwali ba a nan. To da na bi shawarar wani da ya ce mini in cire ta tunda ba ta da amfani, da kai tsirara zan haɗu da shi. Don haka abin da nake gaya wa sababbi shi ne, ko me za ka yi, kada ka cire malafar sai ka riƙe abin da zai maye gurbinta.

Gwanin_Rami:
Gaskiya ne Hajiya, amma kwalkwalin ma zai tare miki shi haka nan, ga kuma maganin dutse.

Uwar_Kyanwa:
Ban musa ba. Idan akwai shi. Ni a ranar babu.

Ɗan_Littafi:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato sihiri. Na taɓa samun littafin sihirin barci a wani shago da wuri, na karanta ya zauna. Da na saka kwalkwalin wada sai na danna + don in duba, na ga yiwuwar kuskurena ta yi sama. Hular ƙarfe tana kawo cikas ga mai jefa sihiri, ban da kwalkwalin basira. Fedora kuwa ƙyalle ce, ba ruwanta. Sai na koma ɗaukar biyun: ƙarfe a kai idan ina ratsa wurin da ban sani ba, malafa idan na shiga inda zan dogara da sihiri. Canjin ba ya cin lokaci sosai, kuma nauyi 3 ba ya hana kowa tafiya. Wanda ya samu hular fatar elf ya fi mu duka dacewa, nauyinta 3 ita ma, kariya 1, ba ƙarfe. Amma ba kasafai ake samunta da wuri ba.

Baƙon_Dare:
Ni a Sokoban, reshen kogon da ake tura duwatsu, na koyi darasi. A hawan farko akwai takardun sihirin ƙasa guda biyu da ake tarar da su kusa da matakala. Daga baya sojojin tururuwa suka rutsa ni a wani ɗaki, na tuna an ce takardar tana zagaye mutum da manyan duwatsu. Na karanta. Ta zagaye ni ɗin, amma da yake ba mai albarka ba ce, ɗaya ya sauko a tsakiyar kaina. Malafa ce a kaina. Na rayu da rai 4, na zauna cikin duwatsun nan kusan zagaye ɗari biyu ina jiran jiki ya dawo. Da ƙarfe ne, 2 kawai zai ci. Haka sandar sihirin haƙa, idan ka harba ta sama dutse yakan ɓalle daga rufi. Mai tonon tarihi mutum ne da rayuwarsa duk a ƙarƙashin duwatsu take, ni a ganina an ba shi hular da ba ta dace da aikinsa ba da gangan, don ya koyi nema.

Tsohon_Ɗanwasa:
Ƙanena, ba don ya koyi nema aka ba shi ba, don kamanni ne. Bulala, rigar fata da malafa, siffar Indiana Jones, jarumin fim mai tonon tarihi, ce aka ɗauko sukutum. Na fara buga wasan nan tun zamanin 3.4.3, wanda ya fito a 2003 ya zauna shekara goma sha biyu kafin 3.6.0 ta zo a 2015, kuma muhawarar nan ba ta canja ba.

Na taɓa kai fedora har ƙarshen aikin da Lord Carnarvon ke ba mai tonon tarihi. Ga yadda na yi. Duk takardar ƙarfafa sulke da na samu, sai in tuɓe komai in bar malafar kaɗai, don takardar ta faɗa a kanta. Na kai ta +4 na tsaya, domin idan kaya ya wuce +3 ka sake karanta masa, yana iya narkewa ya ɓace. Na san wani zai ce kwalkwali +4 ya fi ta da maki 2, kuma haka ne. Amma akwai abin da na lura da shi a hanya. Tarkon ruwa ya fesa mini a kai ba sau ɗaya ba, ƙyalle ba ya tsatsa. Wuta ta babbake ta, wasan ya rubuta cewa ta ƙone, amma lambar AC ɗina ba ta motsa ba, saboda lalacewa tana cin asalin kariyar kaya ne kawai, ita kuwa asalinta sifili ne, ƙarin da na yi mata bai taɓu ba. Kwalkwalin wada idan ya yi tsatsa sosai, makin nan 2 da ake taƙama da su sun tafi.

Wani abu kuma da ya sa nake jin nauyin yar da ita: fedora ba ta cikin kayan da wasan ke watsawa a ƙasa haka kawai. Idan ka bar ta a hawa na 4 wani dodo ya ɗauke, da wuya ka sake ganin wata a wannan wasan.

Sabon_Shiga:
Baba, ni ma na ga wata hula a shago mai tsini kamar mazurari. Ita ma irin wannan ce?

Tsohon_Ɗanwasa:
A'a ɗana, kada ka saka ta tukuna. Huluna biyu ne ke da wannan siffar. Ɗaya ta matsafa ce, cornuthaum, asalin kuɗinta 80, kuma ga wanda ba matsafi ba rage masa kwarjini take yi. Ɗayar hular dolo ce, asalin kuɗinta 1. Ita da ka ɗora sai ta la'anci kanta ta manne, ta mayar da basirarka da hikimarka 6, masu shago kuma su riƙa tsawwala maka. Tunda a shago take, dubi farashin kawai, zai gaya maka wace ce. Ga mai tonon tarihi babu alheri a ko ɗaya.

Ɗan_Littafi:
Wanda ke buga sigar gwaji ta 3.7 a shafin intanet na Hardfought ya sani cewa lissafin ya ɗan juya. A can mai tonon tarihi yana samun ƙarin sa'a 1 muddin fedora na kansa. Sa'a tana shiga lissafin ko saranka zai samu, kuma mai tonon tarihi a farkon wasa yana yawan kuskuren sara. Na gwada wasa uku a can ban cire ta ba sai da na wuce Garin Ma'adinai, na ji bambanci a faɗa da diga. A SLASH'EM kuma, wani wasa da aka gina a kan NetHack, kwarjini 1 take ƙarawa.

Gwanin_Rami:
Sa'a 1 ba za ta tare dutse ba. Ni dai ina nan kan ƙarfe.

Mai_Diga:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Jiya da dare na ci gaba da wasan da na ajiye. Ina hawa na biyu na Ramukan, kwalkwali a kai, malafa a jaka. Na bi shawarar Baba na fara tara takardun ƙarfafa sulke, biyu gare ni yanzu, ban karanta ko ɗaya ba. Hajiya, labarinki ya sa duk h da na hango sai na danna ; na duba shi kafin in matsa, kuma hakan ya riga ya hana ni sarar wani wada mai zaman lafiya. Tambayar da ta rage mini, Malam Ɗan_Littafi: na tsinci littafi ɗaya ban san ko na mene ne ba, ƙarfen da ke kaina yana shafar karanta shi, ko jefa sihirin kaɗai yake shafa?

Ɗan_Littafi:
Jefawa kaɗai. Karatu ya dogara ne da basirarka, matakinka da wahalar littafin. Amma kai shi shago ka ji farashinsa tukuna, kowane 100 mataki ɗaya ne. Idan asalin kuɗinsa ya wuce 300, ajiye shi a jaka kusa da malafar sai ka ƙara girma.